Tsohon Kan Jirgin Jos da Darasin Hanya

 

Ɗana na uku a nan Chadi aka haife shi, shekararsa goma sha biyu, bai taɓa ganin jirgin ƙasa da idonsa ba sai a waya. Ba laifinsa ba ne, ƙasar nan ba ta da layin dogo. Watan jiya bikin 'yar ƙanwata ya kai mu Jos. Da aka watse, sai na kama hannunsa muka nufi gidan adana kayan tarihi, wanda aka buɗe tun 1952. A wani gefe na harabar akwai tsofaffin kawunan jirgi da taragu a tsaye, tsatsa ta fara cin su. Yaron ya zagaya ɗaya, ya leƙa ƙarƙashinsa, ya ce, "Baba, wannan ai na wasan yara ne." Na ce masa, "Kul! Irin wannan ne ya ciyar da kakana, da shi aka aurar da kakarka."

Da gaskiyarsa, jirgin ƙarami ne. Tsakanin ƙarafan layinsa ƙafa 2 da inci 6 ne kacal, wato santimita 76, alhali babban layin da ya taso daga Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne. Turawa suna kiransa ƙaramin layin Bauchi, amma fa bai taɓa shiga garin Bauchi ba. A wancan zamani tsaunukan Jos ne ake kira tsaunukan Bauchi, daga nan sunan ya samo asali.

Kuza ce ta kawo shi. Kafin a shimfiɗa layin, a ka ake ɗaukar kuza daga filayen haƙa, 'yan dako su yi kwana da kwanaki suna tafiya da ita har Loko a bakin Binuwai, sannan a zuba a jirgin ruwa. Da babban layi ya iso Kano a 1911, sai aka ga ya fi sauƙi a ja reshe daga Zariya. Ya kai Rahama a 1912, ya hau tudu ya iso Jos da Bukuru a 1914, tafiyar kimanin kilomita 230. An zaɓi ƙaramin layi ne don ya fi araha, kuma ya fi iya lanƙwasa tsakanin duwatsu. Soba, Dutsen Wai, Kudaru, Rahama, Jengre, duk ta nan ya ratsa.

Na nuna wa yaron yadda abin yake aiki, gwargwadon abin da na sani. Ga murhu a baya inda ake zuba kwal, ga doguwar tukunyar ruwa a kwance. In ruwa ya tafasa, tururi ya rasa mafita, sai ya tura sandar ƙarfe gaba da baya, ita kuma ta juya ƙafafun. Mutum biyu ne a kai: direba, da mai zuba kwal wanda shebur ba ya barin hannunsa. Ga shi da ƙishirwa kamar doki, dole a riƙa tsayawa a tasha ana ɗura masa ruwa. Wannan tsayuwa ita ce kasuwar mutanen hanya.

A nan kakana ya shigo. Mutumin Zariya ne, ɗan koli. Yakan sayi gishiri da goro da turamen atamfa ya hau jirgin nan, ya kai wa leburorin kuza a ranar da aka biya su. Mahaifina, Allah ya jiƙansa, ya sha ba mu labarin da ya ji daga bakinsa: wai in jirgin ya zo hawan tudu bayan Jengre, nishi yake yi kamar tsoho, har matasa su sauka su bi shi da ƙafa suna dariya. A fita Zariya da sassafe, a shiga Jos da dare, riga ta yi baƙi da hayaƙi. Amma duk da haka, tafiyar da jaki zai yi a mako, ya yi ta a yini.

To, me ya kashe shi? Ba tsufa ba ne, ba kuma lalacewar inji ba. Matsalarsa tun ranar haihuwa take: faɗinsa bai zo ɗaya da na babban layi ba. Duk buhun kuzar da ya iso Zariya sai an sauke shi an sake lodawa a wani tarago. Mu 'yan kasuwa mun san abin da sauke-lodi yake ci: kuɗin 'yan dako, ɓata lokaci, ga abin da ke zubewa a tsakani. A 1927 babban layi ya iso Jos ta Kafanchan, ya haɗa ta kai tsaye da kwal ɗin Inugu da tashar jiragen ruwa ta Fatakwal. Tun daga ranar kuza ta sami wata ƙofa. Ƙaramin jirgi ya ci gaba da jan fasinja da amfanin gona, motocin lodi kuma suna ta ƙwace masa abin da ya rage, har aka rufe shi a 1957.

Ku duba lissafin nan da kyau. Daga 1927 zuwa 1957 shekara 30 ke nan. Shekara 30 hanya tana mutuwa a hankali, jirgi yana ta busa usur kullum kamar babu abin da ya faru. Kakana bai karanta alamar ba. Ya gina rumfa kusa da wata ƙaramar tasha, ya zuba jarinsa duka a ciki, abokansa suna ce masa ya koma bakin titin mota yana cewa ƙarfen da Bature ya shimfiɗa ba ya tashi. Da aka daina jin usur, rumfar ta koma wurin kwanan awaki. Bai sake miƙewa ba. Abin da ya fitar da mahaifina daga gida ke nan, ya bi hanyar gabas, hanyar da mahajjatan ƙafa suka saba bi, ya yada zango a garin nan tun ana kiransa Fort-Lamy, kafin a sauya masa suna a 1973.

Ina tsaye gaban ƙarfen nan sai na ji kunya ta kama ni, domin ni ma na maimaita kuskuren kakana. Shekaru da dama duk kayana ta hanya ɗaya suke zuwa: Kano, Maiduguri, Gamboru, Fotokol, Kusiri, sannan a haye gadar Ngeli. Direbobina na can, dillalaina na can, masu ba ni bashi na can. Tun kafin 2014 alamu suke ta bayyana, ina cewa gobe za ta yi kyau. Da hanya ta rufe saboda rikici, ban san kowa ba a wata hanyar. Wata shida shagona yana kallona ina kallonsa. Maƙwabcina a kasuwar Dembe, wanda tun da wuri ya raba ƙafa, yana sayo wani abu ta Duwala, shi ya riƙa ba ni kaya ina sayarwa ana raba riba. Allah ya saka masa da alheri. Mai ɗakina ta sayar da 'yan kunnenta aka biya kuɗin makarantar yara, ban manta ba.

Har yau rayuwarmu a nan rataye take da layin dogon wasu. Jirgi ya iso Maiduguri a 1964, yau ga tashar nan shiru. Na Kamaru ya iso Ngawundare a 1974, a nan ya tsaya, sauran tafiyar sai tirela. Shi ma sauke-lodi ne irin na Zariya, kuma kuɗinsa yana cikin farashin kowane buhun sukari da muke sayarwa. An daɗe ana maganar jawo layin daga Ngawundare zuwa N'Djamena. Allah ya sa mu gani. Amma in ya zo, kada mu ɗauka murna ce ga kowa. Akwai garejin da zai mutu, akwai mai abincin bakin hanya da za ta rasa masu saye, kamar yadda layin Kafanchan ya yi wa mutanen Soba da Rahama.

Ba cewa nake kowa ya watsar da hanyar da ya sani ba. Hanyar lafiya a bi ta da shekara. Abin da nake cewa shi ne a san ta biyu tun ta farko tana da rai. In kana da dillali a Maiduguri, nemi wani a Garwa. In ka ga manyan 'yan kasuwa sun fara janye kayansu daga wata hanya, kada ka tsaya musu, tambayi dalili. Kada kuma a binne jari duka a ginin da darajarsa ta dogara da tsayuwar mota a ƙofarsa. Ku kuma iyayen gida, in maigida ya zo da maganar zuba komai a wuri ɗaya, ku yi magana, ku ne kuke fara ɗanɗana kuɗar in abin ya ɓaci.

Da za mu fita, yaron ya sake waiwayar kan jirgin ya ce, "Baba, in an zuba masa kwal zai tashi?" Na ce, "Wataƙila in an gyara shi. Amma ina zai je? An kwashe layin." Ya yi shiru, muka kama hanyar masauki.

Duk wanda hanya ta kai shi Jos, ya daure ya kai yara su gani, gani ya kori ji. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Allah ya ba mu kasuwa mai albarka, ya tsare mana hanya.