Mi ke sa mai horon ƴan kokowa ya kauce hanya?

Da kaka ta yi a ƙasar Kurfai, hatsi ya shiga rumbu, sai kalangu ya tashi daga Filinge har Shikal, samari su fito filin kokowa. Bayan kowane ɗan kokowa akwai mai horo. Mafi yawansu mutanen kirki ne. Amma akan samu wanda ke zagin alƙalin wasa, ko dukan yaron da aka kayar, ko zuga magoya baya su ta da husuma. Mutane kan ce halinsa ne. Masana ilimin aikata laifi sun duba zancen da nisa, sun kawo dalilai uku.

Na farko, matsi. A shekara ta 1938, Robert Merton, masani ɗan Amurka, ya nuna cewa in jama'a ta ɗaukaka nasara fiye da hanyar samunta, wanda ya rasa hanyar gaskiya yakan bi ta ƙarya. Tun da aka buɗe gasar kokowa ta ƙasa a Tawa cikin 1975, inda Kantu na Maraɗi ya zama zakara, takobi ya zama burin kowace jiha. Yau ga kuɗi, ga suna. In yaran mai horo sun faɗi, gari duka shi yake tsinewa.

Na biyu, koyi. Edwin Sutherland ya ce mugun hali koyonsa ake yi wurin abokan zama. Kakanninmu sun riga shi faɗi: zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Wanda aka hora da bulala, da bulala zai hora na baya.

Na uku, rashin mai sa ido. A 1979, Cohen da Felson sun bayyana cewa laifi yakan auku inda babu mai tsawatawa. In ɓera na da sata, daddawa ma na da wari.

Fahimtar dalili ba yafe laifi ba ne. Wanda ya cuci yaro, a hukunta shi. Amma ya ku hukumomi da iyaye, rabin maganin yana hannunmu. A horar da masu horo. Dattawa su zauna bakin fili. Mu riƙa yaba wa wanda aka kayar ya tashi ya miƙa hannu. Ɗiyanmu muka ba su amana, kuma icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.