RA'AYINMU: A raba lokutan layin Kano zuwa Maraɗi tun jirgi bai iso ba

A watan Satumba na 2020 gwamnatin Najeriya ta amince da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Katsina da Jibiya, mai tsawon kilomita 284, a kan kuɗi kusan dala miliyar 2. An ba kamfanin Mota-Engil na ƙasar Fotugal kwangilar, aka kuma aza harsashi a watan Fabrairu na 2021. Tun daga lokacin ake ta maganar ranar da aikin zai ƙare. Tambayar da wannan jarida ke yi ita ce: ran da jirgi ya soma tafiya, wa zai raba lokutan hawa layin?

Jirgin ƙasa ba ya iya kauce wa ɗan'uwansa kamar yadda mota ke yi a kan kwalta. Kowane jirgi sai an yanka masa sa'ar tashi, da tashoshin da zai tsaya, da inda zai jira wani ya wuce. Wanda ya samu sa'ar safe ya samu fasinja. In kuwa mai layin yana da nasa jiragen, ba shakka zai zaɓar wa kansa lokaci mai tsoka, ya bar wa sauran tsakar dare.

Abin ya shafi mutanen Agye da Gazawa da Gidan Runji kai tsaye, duk da cewa layin a Maraɗi zai tsaya. Manomin aya ko wake daga Gazawa, da mai dabbobi daga Gidan Runji, sai sun biyo hanyar ƙasa mai lamba 1 kafin su kai tasha. In jirgin fasinja ya tashi kafin motocin ƙauye su iso, ko aka cika layin da jiragen kayan manyan ƴan kasuwa, talaka zai ci gaba da bin mota ta Ɗan Isa kamar jiya.

Muna da darasi a gida. Layin Yamai zuwa Doso, wanda kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin 2014 da 2016, bai taɓa yin jigilar kasuwanci ba, bayan rikicin haƙƙin aiki da kamfanin Petrolin ya kai gaban kotunan Benin. An yi gaggawar aza ƙarfe, ba a daidaita wa ke da ikon me ba.

Wasu ƙasashe sun nuna yadda ake yi. A Sifen, hukumar Adif mai kula da layi ta raba lokutan jirage masu gudu kashi uku a 2019, aka samu Renfe da Ouigo da Iryo suna gasa, kuɗin tikiti tsakanin Madrid da Barcelona kuma ya sauka. Najeriya ma ta gyara tsarin mulkinta a 2023 don jihohi su shiga harkar jirgin ƙasa, wato masu neman hawa layin za su iya yawa.

Saboda haka muna kira ga hukumomin Nijar su zauna da na Najeriya su rubuta yarjejeniya tun yanzu, musamman da yake Nijar ta fita daga CEDEAO a watan Janairu na 2025, komai ya koma kan fahimtar ƙasashen biyu. A kafa hukuma mai cin gashin kanta da za ta raba lokuta, ta buga kuɗin hawa layi a fili, ta saurari ƙarar wanda aka danne. A keɓe wa jirgin fasinja sa'o'in da jirgin kaya ba zai taɓa ba, a daidaita su da ranakun kasuwa da aikin duwan a kan iyaka. A kuma ji ta bakin magadan gari da ƙungiyoyin manoma na waɗannan gundumomi uku kafin a sa hannu. Tun ran gini, ran zane.