Takardar shaidar tafiyar da ayyuka: ku san abin da kuke saya kafin ku biya

A ƴan shekarun nan, matasanmu masu neman aiki a furoje-furojen raya ƙasa suna yawan zancen wasu takardun shaida, PMP da PfMP. Idan batun kuɗin horo ya taso kuwa, wurin uwa mai awo ko uba mai shago a kasuwar Maraɗi ko Damagaram ake zuwa. Tunda aljihunku ne zai ji, ya kamata ku san abin da ake sayarwa.

Wata ƙungiya ce ta Amurka mai suna PMI, wadda aka kafa a 1969, take bayar da waɗannan takardu. PMP, da aka soma a 1984, ta mai jagorantar aiki guda ce, kamar ginin kasuwa. PfMP kuwa, da ta fito a 2014, ta wanda ke duba dukan ayyukan ma'aikata ce, yana yanke wanda za a fara, wanda zai jira, da wanda za a dakatar don kada kuɗi ya salwanta.

Wannan ba baƙon abu ba ne gare ku. Hajiyar da ke da jarin jika 500 ba ta zuba shi duka a albasa. Takan sa wani a gero, wani a atamfa, ta ajiye na adashi, kuma idan haja ta ƙi tafiya sai ta janye hannu. Aikin ke nan, sai dai can miliyoyi ake juyawa.

Abin lura na farko: PfMP ba ta sabon ɗalibi ba ce. Sai mutum ya nuna shekara 8 na aiki, da wasu shekaru yana riƙe da tarin ayyuka. Wani kwamiti zai tantance bayanansa, sannan ya zauna jarrabawa. Bayan ya samu, sai ya sabunta ta duk shekara 3 da ƙarin karatu na awa 60. Saboda haka, duk wanda ya ce wa ɗanku da ya gama jami'a bara ya kawo kuɗi a ba shi PfMP cikin sati biyu, takardar halartar horo kawai zai miƙa masa. Ita ma tana da amfaninta, amma ba ita ce ta PMI ba.

Abin lura na biyu ya shafi ƙasa baki ɗaya. A 2014 kamfanin Bolloré ya fara shimfiɗa layin dogo daga Yamai zuwa Doso, wajen kilomita 140, aka yi bikin buɗe shi a Janairun 2016. Amma ba a haɗa shi da Paraku ba, inda layin da ya taso daga Kwatano ya tsaya, ga kuma shari'a kan wanda ke da haƙƙin aikin a ɓangaren Benin. Buhun ɗan kasuwa ko ɗaya bai hau jirgin ba. Ƙarfe an shimfiɗa, abin da ya ɓaci shi ne lissafin me za a fara da me zai biyo baya, wato ainihin abin da wannan ilimi ke koyarwa.

Sai dai kada mu ruɗi kanmu. Takarda shaidar sani ce, ba shaidar amana ba, kuma manyan ayyuka ƴan siyasa ne ke zaɓensu. Gwani zai iya cewa ba a tauna taura biyu, amma sai an saurare shi.

Shawararmu ita ce: kafin ku biya, ku tambayi wa ke sa hannu a takardar, ina ake jarrabawar, kuma shekara nawa na aiki ake buƙata. Haka nan, idan magajin gari ya zo da alkawarin sababbin ayyuka, ku tambaye shi ina aka kwana da na bara. Kuɗin harajinku ne, kuna da bakin magana.