Soyayyar nesa da tsohuwar da ke gida

Ƴan uwa masu karatu, tun da idonmu ya buɗe, da yawanmu mun ɗanɗana littattafan soyayya. Daga Kano suke zo mana, inda suka fara yawaita a shekarun 1980. Labarinsu sananne ne: saurayi ya yi nisa, budurwa tana jira, wasiƙa tana kai da komo. Sau da yawa in an ɗaura aure, littafi ya ƙare. Mu kuwa a ganinmu, nan ne labarin ya soma.

Ga labarin da muke so a rubuta, domin muna ganinsa a garuruwanmu. An gama girbi, an cika rumbu. Maigida ya tafi cin rani Abijan ko Libiya. Ya bar matarsa da yara, da tsohuwarsa. Sannu a hankali tsohuwa ta soma mantuwa. Ta ci tuwo, ta ce an hana ta abinci. Ta ɓoye kuɗinta, ta ce surukarta ta sace. Da dare ta fita, wai za ta gidan ubanta, wanda ya rasu da daɗewa. Maigida ya kira ta salula, ya ji ƙarar uwarsa, ya hau matarsa da faɗa.

Jama'a, wannan tsohuwa ba mayya ba ce, kuma ba don mugunta take yi ba. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, wanda muke kira gigin tsufa. Ba kowane tsoho yake samunsa ba. Wani lokotoro na ƙasar Jamus, Alois Alzheimer, ya bayyana irin da ya fi yawa a shekarar 1906, shi ya sa ake kiransa da sunansa. Ƙungiyar Lafiya ta Duniya ta ce a shekarar 2021 mutum miliyan 57 ke fama da gigin tsufa, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe marasa ƙarfin arziki da masu matsakaicin ƙarfi. Ta kuma ce kashi 70 cikin 100 na lokacin jinyarsu, mata ne ke ɗauke da shi.

Har yanzu babu maganin da ke warkar da ciwon Alzheimer. Saboda haka kada mu sayar da hatsi ko akuya mu ba mai alkawarin warkarwa. Amma a kai tsoho gidan likita. In ruɗewar ta zo farat ɗaya, tana iya zama daga zazzaɓi ko wani ciwo mai magani. A kuma auna jini, domin hawan jini da ciwon sukari da shan taba suna ƙara haɗarin gigin tsufa.

A gida kuwa, kada a yi musu da ita, kada a ɗaure ta, kada a bar yara su yi mata dariya. A yi mata magana a hankali, kalma kaɗan kaɗan. A nisanta ta da wuta da rijiya. Maganin ƙwari na gona a kulle shi, kada ta ɗauka abin sha ne. A sanar da maƙwabta halin da take ciki. Ga kuma amfanin karatunmu: mu rubuta sunanta da sunan gari da lambar salula a takarda, mu ɗinke a zanenta. In ta ɓata, wanda ya tsince ta zai maido ta.

Wani zai ce: ai maigida neman abinci ya tafi, yana kuma aiko da kuɗi. Gaskiya ne, ba mu raina guminsa ba. Sai dai jika goma ba ta wanke tsohuwa, ba ta tsaron ƙofa da tsakar dare. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kafin ya tafi, ya tara ƴan uwansa, maza da mata, a raba kwanakin jinya. In ya kira, ya fara da tambayar matarsa: “Yaya gajiya? Kin samu barci?” In uwarsa ta kawo ƙara, ya lallashe ta, ya tuna ciwo ne ke magana. In damana ta yi, ya dawo da wuri, ya karɓi nasa rabon.

Ga marubutanmu kuma, muna roƙo: ku rubuta mana wannan labari. Ku nuna mana matar da ke ba surukarta fura a baki, alhali tsohuwar ba ta san sunanta ba. Ku nuna mana mijin da ya san darajar wannan aiki. Masu karatu suna nan, daga Maraɗi zuwa Damagaram, daga Tawa zuwa Yamai. Da yawansu za su ga gidansu a ciki.