Bikin Fina-finai na Wagadugu da Gurbin Fim ɗin Hausa

Duk bayan shekara biyu birnin Wagadugu na Burkina Faso kan karɓi baƙuncin FESPACO, bikin baje kolin fina-finan Afirka wanda aka fara a 1969. Galibin fina-finan da ake haskawa a can na masu shiryawa ne masu zaman kansu, waɗanda ba su da wani babban kamfani a bayansu, don haka bikin ne ke haɗa su da masu rarrabawa da masu sharhi da manazarta. A ganina, ƙarancin fina-finan Hausa a wannan dandali lamari ne da ya shafi sassan nazarin Hausa kai tsaye.

Ƙasar Hausa ba baƙuwa ba ce a tarihin bikin. A 1987 fim ɗin Sarraounia na Med Hondo, ɗan Muritaniya, ya lashe babbar kyautar bikin, wato Étalon de Yennenga. An gina shi ne a kan littafin Abdoulaye Mamani game da Sarauniya Mangu ta Lugu, wadda ta yi fito-na-fito da rundunar Voulet da Chanoine a 1899. Sai dai a Burkina Faso aka ɗauki fim ɗin, kuma Jula da Faransanci ne suka mamaye zantukansa. Ke nan duniya ta kalli labarin Sarauniya cikin bakin wasu.

Akwai dalilin da ya daɗe yana tare ƙofa. Kafin 2015, fim ɗin da aka ɗauka a kan zaren silima mai faɗin milimita 35 kaɗai ake karɓa a babbar gasa. Masana'antar Kano kuwa, tun daga Turmin Danya na 1990, a kan kaset ɗin bidiyo ta tashi. Yanzu da ake karɓar fim na dijital, wannan shinge ya kau.

Wani zai ce Kannywood ba ta buƙatar Wagadugu, tunda tana da masu kallo daga Kano har Kumasi da Khartoum. Wannan gaskiya ne ta fuskar ciniki. Amma bukukuwa ne ke tantance fim ɗin da za a adana, a gyara, a koyar da shi. Fim ɗin Shaihu Umar na Adamu Halilu, wanda ya fito a 1976, ya shafe shekaru ba a ganinsa, sai da aka gyara shi aka haska a bikin Berlin na 2018 sannan ya dawo hannun manazarta. Fim ɗin da bai taɓa fita daga kasuwa ba, da kasuwar yake ɓacewa.

Shingen da ya rage shi ne fassara. Alƙalan gasa ba sa jin Hausa, abin da aka rubuta a ƙasan allo da Faransanci ko Ingilishi shi ne fim ɗin a wurinsu. Layi biyu ne kacal, kuma cikin daƙiƙu kaɗan suke wucewa. Idan uwa ta ƙi ambaton sunan ɗanta na fari, ko kishiya ta yi habaici da karin magana, fassarar kalma da kalma takan kashe ma'anar, sai a ɗauka labarin ne ba shi da zurfi.

Wannan aiki na masana harshe ne. Sassanmu suna koyar da fassara, amma hankalinsu ya fi karkata ga rubutaccen matani. Ya kamata a shigar da fassarar ƙasan allo cikin manhaja, a kuma bai wa ɗaliban digiri na biyu damar ɗaukar fim guda su fassara shi tare da mai shi a matsayin aikin bincike. Ba a buƙatar sauya fasalin fim ɗin Hausa don a burge alƙalai. Abin da ake nema shi ne wanda ya zauna a silimar Wagadugu ya fahimci abin da ɗan kallo a Fagge ya fahimta.