Kimiyya a Bayan Akori-kura: Fentin Roba Mai Ɓarewa

Duk wanda ya bi hanyar Birnin Kebbi zuwa Argungu ya ga akori-kura ɗauke da buhunan shanshera daga fadama, ko takin zamani, ko kifi. Ku leƙa bayan irin waɗannan motoci, za ku tarar fenti ya goge, ƙarfe ya yi ja, wani wurin ma ya huje. Tsatsa ke nan, wadda muke karantawa a darasin kimiyyar sinadarai.

Tsatsa na buƙatar abu uku: ƙarfe, ruwa da iskar oksijin. Idan gishiri ko takin zamani ya narke a ruwan, sai cin ya ƙara sauri. Shi ya sa motar da ke jigilar jiƙaƙƙen kaya ke riga sauran lalacewa. Ga mai motar kuwa, bodin da ya huje na nufin kuɗin walda da kwanakin da ba a fita aiki ba. Maganin shi ne a shiga tsakanin ƙarfe da ruwa. Aikin fenti ke nan, kuma don haka direbobi ke rufe kaya da tamfol da damina, wasu masu Hilux kuma su sa murfi mai tauri a bayan motar.

Akwai wani fenti na daban da ake fesa wa irin wannan murfi. Roba ce aka narkar a sinadari aka zuba a gwangwanin feshi. Idan an fesa, sinadarin ya bi iska, robar ta zauna kamar fata. Ranar da aka gaji da ita sai a kama gefe a ɓare, fentin asali na nan a ƙasa. Wanda ya fi suna shi ne Plasti Dip na Amurka, wanda tun farko don lulluɓe mariƙin kayan aiki irin su filaya aka yi shi.

Aikin yana da ƙa'ida. A wanke murfin da sabulu, a cire maiƙo, a bari ya bushe sarai. A fesa a inuwa, domin a zafin bazara na nan Kebbi, da kan wuce digiri 40, feshin na iya bushewa kafin ya kwanta, ya fito da ƙuraje. A guji ranar da iskar hunturu ke ɗauke da ƙura. A yi shafi huɗu ko biyar marasa kauri, ana jiran kamar rabin awa tsakaninsu. Mai rowar shafi shi ke shan wahala daga baya, don siririyar roba gutsuttsurewa take wajen ɓarewa.

Sai dai fa kowane fenti da inda ya dace. Wannan roba ta yi daidai da murfi, amma a ƙasan bodi, inda ake jan buhuna da kwanduna, ba za ta daɗe ba. Fetur na narkar da ita. Idan kuma aka fesa ta a kan tsatsa, ɓoye cutar kawai aka yi. Sai an kankare da samfefa an sa fentin kariya tukuna.

Mu kuma kula da lafiyarmu. Tururin feshin na kama wuta, kuma dangin abin da ke cikin sholisho ne, wanda ke lalata ƙwaƙwalwa. A yi aikin a fili, nesa da wuta, da abin rufe hanci, kuma da babba a kusa.

Ga gwajin wannan mako. Ku samo sababbin ƙusoshi uku da kofi uku. Na farko a ruwa zalla, na biyu a ruwan gishiri, na uku ku shafe shi da bazilin kafin ku sa shi a ruwan gishiri. Ku bar kan kowanne a waje yana shan iska. Ku riƙa rubuta abin da kuka gani kullum har kwana bakwai, sannan ku nuna wa malaminku. Wanda ya gane dalilin bambancin ƙusoshin nan ya amsa tambayar jarrabawa, ya kuma kama tushen sana'ar fentin mota.

Mu haɗu mako mai zuwa, in Allah Ya kai mu.