Akwatin Dijital da Ƙasar da Ba Ta da Wuta

Tun da aka fara batun mayar da talabijin tsarin dijital nake jiran wani jami'i ya amsa tambaya guda: da wace wutar za a kunna akwatin da ake cewa talaka ya saya?

Mai karatu zai tuna cewa yarjejeniyar Janiba ta 2006 ta tsayar wa ƙasashen yankinmu wa'adin 17 ga Yunin 2015. Nijeriya ba ta cika shi ba. An fara gwaji a Jos a 2016, aka ƙaddamar a Kaduna a 2017, Kano kuwa sai 2021.

Amurka ta yi nata sauyin ranar 12 ga Yunin 2009, har gwamnati ta raba takardun rangwamen dala 40 domin sayen akwatin. Duk da haka an yi tuntuɓe: ƙananan talabijin masu batir, waɗanda mazauna gaɓar teku ke dogaro da su idan guguwa ta katse wuta, sun daina kama tasha, domin akwatin sai an jona shi da bango. Sai da kamfanin Winegard ya fito da mai aiki da batir. Abin da ke samun su jifa-jifa, mu shi ne kullum. A Oktoban 2024 yawancin jihohin Arewa sun yi fiye da mako guda cikin duhu.

Abin takaici, maganin ba shi da wuya. Da yawa daga cikin akwatunan nan ƙaramar wuta suke ci, bolt 5 ko 12, adafta ce ke rage musu ta bango. Batirin mota bolt 12 ne. Akwatin da aka ƙera da mashigar batir, tare da ƙaramin talabijin da faifan sola, zai yi aiki a ruga da tasha da rumfar mai shayi. Amma jona waya da ka haɗari ne: a juya ta, ko a ba wa mai bolt 5 wutar batirin mota, akwatin ya ƙone.

Don haka nake ganin ya wajaba Hukumar NBC ta sa mashigar batir da kariyarta cikin sharuɗɗan duk akwatin da za a sayar. In ba haka ba, ranar da aka rufe tsohon tsari, mutumin karkara zai rasa labarai da sanarwar ambaliya tare. Allah Ya sa masu iko su ji.